Rangadin Hamilton da Burr a New York: Jagora Nagari, Katuna Masu Son Kai

A cikin kamfanonin da ke zagayawa da masu yawon buɗe ido a birnin New York akwai wani ƙarami da ya keɓe rangadi na yini guda ga labari ɗaya tak, wato fito-na-fiton bindiga da aka yi ranar 11 ga Yuli, 1804, tsakanin Aaron Burr, mataimakin shugaban ƙasar Amurka mai ci a lokacin, da Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin ƙasar na farko, wanda hotonsa ke kan takardar dala goma. Wuraren da ake kai mutane sanannu ne, kowa ma yana iya zuwa da ƙafarsa. Abin da kamfanin ke tinƙaho da shi a tallarsa shi ne zaman da ake yi a ƙarshe, inda ake raba wa mahalarta katuna, kowanne ɗauke da wata ƙaddara dabam da wadda ta auku a safiyar, a tattauna su, sannan a kaɗa ƙuri'a a kan wadda za ta fi sauya tarihin Amurka. Wannan zaman ne ya sa na biya kuɗina, kuma a kansa ne nake da mafi yawan magana, mai daɗi da marar daɗi.

Ana yin rajista ta intanet, kuma ya kamata mai niyyar zuwa ya sani cewa kuɗin da zai biya bai haɗa da na jirgin ƙasa da na jirgin fito ba, bayanin da aka binne a can ƙasan shafin da ƙananan haruffa. Haka kuma makabartar cocin Trinity, da filin shaƙatawar Weehawken, da gidan Hamilton da ke Harlem, duk kyauta ake shigarsu, saboda haka abin da mutum ke saye a zahiri bakin jagora ne da iliminsa. Namu dattijo ne, tsohon malamin makarantar sakandare, mai magana a tsanake, wanda ba ya gaggawar amsa tambaya sai ya tabbatar ya fahimce ta. An ba kowa ɗan abin sauraro na maƙalawa a kunne, wanda ya yi aiki sosai a cikin gari, amma ya koma ƙugi zalla da muka hau ruwa iska ta taso. Mun kuma yi yawa, domin a kan titunan kudancin Manhattan masu matsi na baya ba ya ganin abin da ake nuna wa na gaba.

Rangadin yana farawa daga inda labarin ya ƙare, wato kabarin Hamilton a makabartar Trinity, daidai inda titin Wall Street ya tarar da Broadway. Farin dutse ne mai tsini a sama, matarsa Eliza tana kwance kusa da shi, kuma maziyarta sun zuba ƙananan sulalla a kan dutsen. A nan jagoran ya shimfiɗa tushen gabar, kuma ya yi shi da kyau ƙwarai. A 1791 Burr ya ƙwace kujerar majalisar dattawa daga hannun Philip Schuyler, surukin Hamilton. A zaɓen shugaban ƙasa na 1800 Thomas Jefferson da Burr suka yi kunnen doki da ƙuri'a 73 kowanne, maganar ta koma majalisar wakilai, aka kaɗa ƙuri'a har sau 36 a watan Fabrairu na 1801 kafin Jefferson ya yi nasara, Hamilton kuwa ya yi ta rubuta wa 'yan jam'iyyarsa ta Federalist wasiƙu cewa gara Jefferson, abokin hamayyarsa na aƙida, da Burr, wanda yake ganin ba shi da aƙida ko ɗaya. A Afrilun 1804 Burr ya nemi kujerar gwamnan New York ya sha kaye a hannun Morgan Lewis, a cikin wannan watan kuma wata jaridar Albany ta buga wasiƙar wani likita mai suna Charles Cooper, inda yake cewa ya ji Hamilton yana aibata Burr a wajen wata liyafa, har ma akwai wata maganar da ta fi waɗanda ya faɗa muni. Waccan maganar da ba a bayyana ba ce Burr ya nemi Hamilton ya amsa ko ya musanta, kuma har yau ba wanda ya tabbatar da mece ce.

Abin da ya ƙara mini ganin girman jagoran shi ne bai nuna mutanen biyu a matsayin maƙiyan da ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba. Ya tuna mana cewa dukansu lauyoyi ne a gari ɗaya, sun yi yaƙin neman 'yanci a runduna ɗaya, kuma a 1800 sun tsaya tare suna kare wani matashi mai suna Levi Weeks da aka tuhuma da kisan kai, suka kuma fitar da shi. A gaban tsohon gidan cin abinci na Fraunces da ke titin Pearl, inda George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar na farko, ya yi ban kwana da hafsoshinsa a 1783, ya ba da labarin liyafar tsofaffin hafsoshi ta ranar 4 ga Yuli, 1804, mako guda kafin harbin, inda su biyun suka halarta alhali an riga an tsayar da magana, Hamilton har da rera waƙa, Burr kuwa ya yi shiru. Sauran tafiyar cikin gari, ta gaban Federal Hall da wuraren da bankuna suka taɓa zama, an yi ta a gurguje, kuma ban ga asara a hakan ba.

Daga nan sai jirgin ƙasa zuwa mashigar ruwa, sai jirgin fito ya tsallaka da mu kogin Hudson zuwa Weehawken a jihar New Jersey. Doka ta haramta irin wannan faɗa a jihohin biyu, amma New Jersey ba ta cika matsa wa masu yin sa ba, shi ya sa manyan New York suke tsallakawa da sassafe a kwalekwale su je wani ɗan fili da ke jikin dutsen bakin kogin. Wannan filin babu shi yanzu, domin aikin hanyar jirgin ƙasa ya cinye shi tun ƙarni na 19. Abin da ake nuna wa baƙo yana can saman dutsen: mutum-mutumin kan Hamilton, da allunan bayani, da wani dutse da ake cewa a kansa aka jingina shi bayan an harbe shi, wanda jagoran ya yi adalci ya ce labari ne na gargajiya kawai. Hawan matattakalar zuwa sama yana da wuya, kuma tallar kamfanin ba ta gargaɗi masu ciwon gwiwa ko masu ɗauke da yara ba, abin da nake ganin sakaci ne.

A saman ne ya fito da wata igiya mai ƙulli a kowane baki, ya auna taku goma, ya tsayar da mutum biyu daga cikinmu suna fuskantar juna. Duk wanda ya ga wannan tazarar da idonsa zai daina mamakin yadda aka samu mutum, ya koma mamakin yadda ake kuskurewa, domin kana iya ƙirga maɓallan rigar wanda ke gabanka. Yana riƙe da hoton bindigogin biyu, ƙirar Wogdon ta Landan, mallakar John Barker Church, mijin yayar matar Hamilton, waɗanda yanzu suke hannun bankin JPMorgan Chase, bankin da asalinsa ke komawa ga kamfanin Manhattan da Burr ya kafa a 1799. Ya nuna mana wurin da ake saita kunamar ta zama mai saurin tashi, ya kuma ce Nathaniel Pendleton, wakilin da ya tsaya wa Hamilton a faɗan, ya ba da shaida cewa ya tambayi Hamilton ko a saita, ya ce a bari. Ya bayyana dabarun da aka yi don kada a samu shaida a kotu: an kawo bindigogin a cikin jaka, matuƙan kwalekwale sun juya baya, likita David Hosack ya tsaya a ƙasa inda zai ji ƙara ba tare da ya gani ba, bayan harbin kuma William Van Ness, wakilin Burr, ya kare fuskar maigidansa da laima suka sauka.

A kan tambayar wanda ya fara harbi jagoran bai ɗauki ɓangare ba, kuma na yaba masa. Wakilan biyu sun yarda cewa bindigogin sun tashi a cikin 'yan daƙiƙu tsakaninsu, suka saɓa a kan sauran. Pendleton ya ce Burr ne ya fara, bindigar Hamilton ta tashi ne ba da nufinsa ba yayin da harsashi ya same shi, Van Ness kuwa ya ce Hamilton ne ya fara harbi ya kuskure. Harsashin Hamilton dai a reshen bishiya aka same shi, can sama da kan Burr, kuma Hamilton ya bar takarda da ya rubuta tun kafin ranar cewa ya ƙudurta ba zai auna abokin karawarsa da harbin farko ba. Matsalar ita ce Burr bai san da wannan takarda ba, abin da ya gani shi ne mutum ya nemi a dakata ya sanya tabarau yana gwada saiti saboda hasken rana. Harsashin Burr ya shiga jikin Hamilton ta saman ƙugun dama, ya karya haƙarƙari, ya ratsa hanta, ya tsaya a ƙashin baya. Hamilton ya cika washegari, 12 ga Yuli, a gidan abokinsa William Bayard da ke Greenwich Village.

Sai aka zauna a kan bencina, Manhattan tana shimfiɗe a gabanmu a hayin kogi, aka raba katunan. An buga su da kyau a kan takarda mai kauri, kowanne da zane a gaba da gajeren labari a baya. Tun daga zanen mutum zai gane inda zuciyar kamfanin take, domin katin da ya fi kowanne ado shi ne wanda Burr ya kuskure, Hamilton ya rayu, aka kuma zana shi yana rantsuwar kama mulki a matsayin shugaban ƙasa. Yawancin abokan tafiyarmu sun san Hamilton ne ta wasan kwaikwayo na kiɗa da ya yi tashe tun 2015, kuma wannan katin suka zaɓa da gagarumin rinjaye tun kafin a gama karanta sauran. A ganina shi ne mafi rauni a cikin katunan duka, kuma abin da ya ba ni haushi shi ne jagoran ya san haka, domin duk hujjojin da ke rushe shi daga bakinsa muka ji su da safe.

Kundin tsarin mulki bai hana Hamilton takara ba, ko da yake a tsibirin Nevis aka haife shi, saboda ya halatta wa duk wanda yake ɗan ƙasa a lokacin da aka amince da kundin. Abin da ya hana shi shi ne siyasarsa ta riga ta mutu kafin shi. A 1797 ya buga ƙasida da hannunsa yana amsa cewa ya yi lalata da wata matar aure, Maria Reynolds, don ya wanke kansa daga zargin almundahana da kuɗin gwamnati. A 1799 Washington, wanda ke ba shi inuwa, ya rasu. A 1800 ya rubuta doguwar wasiƙa yana caccakar John Adams, shugaban ƙasa daga jam'iyyarsu, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, abin da ya raba kan jam'iyyar kuma da yawa daga cikinsu ba su yafe masa ba. Alƙaluman zaɓukan da suka biyo baya sun isa hujja: a 1804 Jefferson ya samu ƙuri'ar wakilai 162, ɗan takarar Federalist Charles Pinckney ya tashi da 14, a 1808 James Madison ya samu 122, Pinckney 47, a 1812 kuma jam'iyyar ba ta ma tsayar da nata ba, sai ta mara wa DeWitt Clinton baya, ɗan jam'iyyar gwamnati da ya ɓalle, shi ma ya faɗi da 89 a kan 128. Ban ga ta inda mutumin da rabin jam'iyyarsa ke jin haushinsa zai bi ya tsallake wannan ramin ba.

Da katin ya yi tambaya mai ma'ana, da batun banki ya ɗauko. Bankin ƙasa da Hamilton ya kafa a 1791 lasisin shekara 20 aka ba shi, da wa'adin ya cika a 1811 sabuntawar ta faɗi a majalisar wakilai da ƙuri'a ɗaya, a majalisar dattawa kuma aka yi canjaras, mataimakin shugaban ƙasa George Clinton ya raba gardamar da ƙin amincewa. Shekara guda bayan haka Amurka ta shiga yaƙi da Birtaniya ba ta da bankin da zai ranta mata kuɗi, ta sha wahala, har Madison, wanda ya yi adawa da bankin farko, ya sanya hannu a kafa na biyu a 1816. Inda ƙuri'a ɗaya ce ta yanke hukunci, alƙalamin mutumin da ya rubuta 51 daga cikin maƙaloli 85 na kare kundin tsarin mulki yana iya yin tasiri. Amma ko a nan sai an yi hattara, domin mai neman a sabunta lasisin a lokacin shi ne Albert Gallatin, sakataren baitulmali na jam'iyyar Jefferson, kuma da Hamilton ya fito yana goyon bayansa, mai yiwuwa ne hakan ya kori 'yan majalisar da suke ƙin duk abin da sunansa ya taɓa. Na ɗaga wannan maganar a zaman, jagoran ya karɓe ta da murna, muka yi ta ja-in-ja har sai da ya duba agogo. Wani abin da za a iya faɗa da ƙwarin gwiwa shi ne da zai yi adawa da masu son jihohin arewa maso gabas su ɓalle, domin a wasiƙar da ya rubuta wa Theodore Sedgwick, ɗan jam'iyyarsu, ana gobe harbin ya ce raba ƙasar asara ce zalla, kuma da muryarsa ta yi amfani a lokacin taron Hartford na 1814, inda 'yan Federalist na waɗannan jihohin suka haɗu don nuna adawa da yaƙin.

Katin da Hamilton ya kashe Burr an rubuta shi da lalaci, jimloli kaɗan ne da ke cewa da Amurka ta huta da maci amana. Gaskiya ne cewa mutuwar Burr ba za ta girgiza gwamnati ba, tunda jam'iyyarsa ta riga ta ajiye shi ta ɗauki George Clinton tun farkon 1804, wa'adinsa zai ƙare a Maris na 1805, kuma a wancan zamani ba a cike gurbin mataimakin shugaban ƙasa idan ya mutu, sai gyaran kundi na 1967 ne ya kawo hakan. Sai dai katin bai tambayi abin da zai samu Hamilton ba, mutumin da ɗansa Philip ya mutu yana ɗan shekara 19 a irin wannan faɗa a wannan gaɓa a 1801, mai cewa addininsa ya hana shi zubar da jini, sai ga shi ya harbe mataimakin shugaban ƙasa mai ci. Jaridun Jefferson da sun samu abin da suka daɗe suna nema, kuma ina shakkar da hotonsa yana kan takardar kuɗi a yau.

Abin da ya fi muhimmanci, wanda katin bai ambata ko da kalma ɗaya ba, shi ne shari'ar 1807. Bayan harbin an tuhumi Burr a jihohin biyu, ya gudu kudu, bai taɓa tsayawa gaban alƙali a kan kisan ba, ya dawo birnin Washington ya shugabanci majalisar dattawa a shari'ar tsige alƙali Samuel Chase a farkon 1805, sannan ya nufi yamma da wani shiri da har yau ake gardama a kansa, ko na yanke yankin yamma ne ko na mamaye ƙasar da ke hannun Sifaniya. Abokin shirinsa, Janar James Wilkinson, ya tona shi, aka gurfanar da shi a Richmond da laifin cin amanar ƙasa a gaban alƙalin alƙalai John Marshall. Marshall ya tsaya kai da fata cewa sai an kawo shaidu biyu a kan aikin yaƙi na zahiri, kamar yadda kundi ya tanada, niyya da maƙarƙashiya ba su isa ba, aka sallami Burr duk da Jefferson ya riga ya yanke masa hukunci a bainar jama'a. A wannan shari'ar ce kuma aka aika wa shugaban ƙasa mai ci sammacin ya miƙa takardu, hukuncin da kotun ƙoli ta kafa hujja da shi a 1974 a kan shugaban ƙasa Richard Nixon. Da harsashin Hamilton ya sauka ƙasa da reshen bishiyar nan, da duk wannan babu, kuma da wata gwamnati ta samu sauƙin liƙa wa 'yan adawa cin amanar ƙasa. A ra'ayina wannan ne sauyi mafi girma a cikin duk abin da za a iya hasashe, kuma daga ɓangaren mutumin da rangadin ke kallo a matsayin mugu ya fito.

Na je ne tare da wani dattijon unguwarmu ta Bronx, Bahaushen Kumasi, wanda na riƙa fassara masa abin da ya kuɓuce masa. Da aka zo kan katin da ba wanda ya zaɓa, wato wanda aka sasanta ta wasiƙa ba a tsallaka kogin ba, sai ya taɓa ni ya ce, "Malam, tambaye shi, su mutanen nan ba su da manya ne a garin?" Na ce, "To, Alhaji," na isar da tambayar, kuma ita ce ta fito da mafi kyawun bayanin yinin. Jagoran ya ce yawancin irin waɗannan rigingimu na mutunci a teburin wakilai suke ƙarewa, Hamilton kansa ya shiga da yawa ba a harba ko ɗaya ba, kuma a 1797, da ya kusa karawa da James Monroe, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, Burr ɗin nan ne ya shiga tsakani ya kashe wutar. A 1804 ma ƙofa a buɗe take. Burr ya aika wasiƙarsa ta farko ranar 18 ga Yuni, da Hamilton ya amsa cewa bai tuna ya faɗi abin da ya taɓa mutuncin Burr na kansa ba, da ƙila magana ta mutu, sai ya amsa da gardamar lauya a kan ma'anar kalmomin Cooper, Burr ya harzuƙa ya faɗaɗa buƙatarsa zuwa duk abin da Hamilton ya taɓa faɗa a kansa cikin shekaru, abin da ba zai iya musantawa ba tare da ya yi ƙarya ba. Ƙarshen tika-tika tik, kowannensu yana ganin idan ya ja da baya ba zai sake samun mabiya ba, kuma dukansu biyu siyasa ta riga ta juya musu baya.

Nan ne ake ganin abin da katunan suka kasa kamawa. Da an sasanta, ko da duka biyun sun kuskure an gaisa an koma gida, Hamilton zai ci gaba da zama babban lauya mai bashi a wuyansa, mai rubutu a jaridar da ya kafa a 1801, wadda ita ce New York Post ta yau, kuma mai yiwuwa sunansa ya fi fitowa a fannin shari'a, tunda a farkon 1804 ya yi fice a shari'ar Croswell, wani ɗan jarida da aka tuhuma da ɓata sunan Jefferson, inda ya kare cewa faɗin gaskiya da kyakkyawar niyya ba ɓata suna ba ne, ra'ayin da New York ta mayar doka a 1805. Burr kuma zai bar ofis ba shi da jam'iyya ba shi da kuɗi, kuma tun kafin harbin ya fara hulɗa da Wilkinson, saboda haka tafiyar yamma ba lallai ta fasu ba. Harsashin bai sauya wanda zai mulki Amurka ba. Abin da ya sauya shi ne yadda ake tuna mutanen biyu: ya wanke Hamilton daga kurakuransa, aka yi masa jana'iza irin ta sarakuna ranar 14 ga Yuli, ya kuma rataya wa Burr sunan da bai sauka daga wuyansa ba. Kisa a irin wannan faɗa ma ba kullum yake kashe siyasar mutum ba, domin Andrew Jackson ya kashe Charles Dickinson a 1806 kuma ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1828. Bambancin shi ne wanda aka kashe, da kuma yankin da aka yi kisan.

Akwai ƙarin kuɗi ga wanda yake son a wuce da shi Harlem ya ga gidan da Hamilton ya gina a 1802, wanda aka ɗaga aka sauya masa wuri sau biyu, a 1889 da 2008, yanzu yana cikin filin St. Nicholas kusa da titi na 141. Gidan ya cancanci gani, musamman don labarin Eliza, wadda aka bari da 'ya'ya bakwai da bashi, abokan mijinta suka yi karo-karo suka taimaka mata, ta shiga cikin waɗanda suka kafa gidan marayu a 1806, ta kuma rayu har 1854, shekara 50 bayan mijinta, tana tattara takardunsa. Amma ban ga dalilin biyan kamfanin a kan wannan ba, tunda ma'aikatan gidan suna yin bayani kyauta, kuma lokacin da aka isa can jagoranmu ya gaji, muryarsa ta dushe. Tsarin yinin kuma bai bar sarari na salla ko na cin abinci a natse ba, sai ɗan hutun da ake yi a mashigar jirgin fito, don haka mai zuwa ya tanadi abin da zai ci, ya kuma sani cewa masallatai da gidajen abincin mutanen Afirka ta Yamma suna wajen titi na 116 idan ya koma Harlem.

Shawarata ga wanda ke New York ko yake shirin zuwa ita ce ya biya rangadin asali saboda jagoran da kuma igiyar nan ta taku goma, ya shiga zaman katunan da tambayoyinsa a shirye, domin jagoran yana buɗe ciki ne kawai idan an matsa masa, in ba haka ba sai ya bar ƙuri'a ta bi son ran masu biyan kuɗi. Ƙarin na Harlem kuwa ya yi shi da kansa wata rana, daga gidan Hamilton ya hau arewa zuwa gidan Morris-Jumel da ke Washington Heights, wanda kamfanin bai saka a tsarinsa ba sam. A can ne Burr, bayan shekarun gudun hijira a Turai daga 1808 zuwa 1812 da rashin 'yarsa Theodosia a teku, ya auri attajira Eliza Jumel a 1833 yana ɗan shekara 77. Ba a jima ba ta kai shi kotu tana neman a raba auren, kuma hukuncin ya tabbata ne ranar 14 ga Satumba, 1836, ranar da ya rasu a Staten Island.